Ray Brown: daga ina wannan ƙatuwar muryar bes take fitowa?

Sabon-Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce da ni ga masana kiɗan jaz. Duk faifan Oscar Peterson na farkon shekarun 1960 da mutum ya saka, kafin kunnensa ya kama piyanon Peterson sai ya ji bes ɗin Ray Brown, wato ƙaton abin kiɗan nan mai tsirkiya, ya cika ɗaki, kowane sauti ɓul-ɓul, kamar shi ke jan ragamar sauran. Makaɗan yau ga amfilifaya ga kayan zamani, amma da wuya ka ji irin wannan nauyin. Shin sirrin a jikin katakon yake, ko a tsirkiya, ko a hannu? Kuma shi mutumin wane ne, ta ina ya biyo? Wanda ya fara koyon babban bes ɗin nan na tsaye, me zai ɗauka daga wurinsa a aikace? Don Allah a warware mini dalla-dalla.

Ma'ajin-Faifai ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Bari in ɗauki ɓangaren tarihi, masu sana'ar su zo su yi maganar katako da tsirkiya.

An haife shi a Pittsburgh, jihar Pennsylvania ta Amurka, ranar 13 ga Oktoba 1926. Da piyano ya fara yana ɗan shekara 8. A sakandare ya so ya koma abin busa na tirombon, kuɗin saye ya gagara, ga kuma gurbin mai bes a ƙungiyar kiɗan makaranta babu kowa. Ta nan ya shigo. Piyanon bai tafi a banza ba, domin wanda ya san yadda ake gina kod, wato sautuka da dama a lokaci guda, da yatsu goma ba ya lalube idan ya zo zaɓen sauti ɗaya da zai ajiye a ƙasa.

Wanda ya buɗe masa kunne shi ne wani mai bes, Jimmy Blanton. Kafin Blanton, aikin mai bes galibi riƙe bugu ne da gajeren sauti, ko da yake irin su Walter Page na ƙungiyar Count Basie sun riga sun iya takawa, wato ajiye sauti ɗaya a kowane bugu. Blanton ya shiga ƙungiyar Duke Ellington a 1939, ya nuna cewa wannan ƙaton abu zai iya rera waƙa kamar ƙaho. Bai yi tsawon rai ba: tarin fuka ya kwantar da shi a ƙarshen 1941, ya rasu a 1942 yana da shekara 23. Faya-fayan Blanton su ne makarantar Brown ta gaskiya, kuma bai manta ba. A Disamba 1972 shi da Ellington su biyu kacal suka yi faifan This One's for Blanton.

Bayan sakandare ya bi ƙungiyoyin da ke zagaya garuruwa, har da ta Snookum Russell. A 1945 ya sauka Niyok. Mai piyano Hank Jones ya gabatar da shi ga mai busa ƙaho Dizzy Gillespie, Dizzy ya ce ya zo atisaye washegari. Da ya je sai ya tarar da manyan makaɗan jaz Charlie Parker da Bud Powell da Max Roach, shi kuwa ko shekara 20 bai kai ba. Ka tuna salon jaz ɗin da suke yi, wato bibop, kan kai bugu 300 a minti, wato sauti biyar a daƙiƙa, kowanne da yatsa za a jawo shi. Da Gillespie ya kafa babbar ƙungiya a 1946, Brown ne a bes, John Lewis a piyano, Kenny Clarke a ganguna, Milt Jackson a bibrafon. Su huɗun nan sukan yi kiɗa su kaɗai don masu busa su huta da leɓe, kuma daga nan ƙungiyar Modern Jazz Quartet ta samo asali, sai dai Percy Heath ne ya riƙe mata bes, Brown ya bi wata hanya.

Ya auri mawaƙiya Ella Fitzgerald a 1947, suka rabu a 1953, amma aiki bai rabu ba. Faifan da ta yi da Louis Armstrong a 1956, shi ne a bes.

Ga inda amsar tambayarka take, a ganina. A Satumba 1949 mai shirya wasanni Norman Granz ya fito da Oscar Peterson ɗan Kanada a dandalin Carnegie Hall da ke Niyok, Brown ne ya raka shi, su biyu. Daga nan suka manne wajen shekara 15. Kuma shekaru da dama daga ciki babu mai ganga ko ɗaya: piyano ne da jita da bes, a jita an yi Barney Kessel, sannan Herb Ellis daga 1953 zuwa 1958. Peterson mutum ne mai gudu da nauyin hannu. Idan babu ganga, mai bes ne ganga, dare bayan dare, gari bayan gari. Kafin Ed Thigpen ya zo da gangunansa a 1959, Brown ya riga ya saba ɗaukar kayan shi kaɗai. Shi ya sa a faifan Night Train da aka ɗauka a Disamba 1962 kake jin kamar shi ke tuƙi.

Sauran a taƙaice. Sun buɗe makarantar kiɗa a Toronto a 1960, shi da Peterson da Thigpen da Phil Nimmons. Ya ci kyautar Grammy a 1964 da wani kiɗa da ya tsara, Gravy Waltz. A 1966 ya gaji da hanya ya zauna Los Anjalas, ya shiga aikin situdiyo na fim da talabijin, har ya zama manajan Quincy Jones. Daga 1974 ya yi ƙungiyar L.A. Four. A shekarun 1980 ya dawo da rukuninsa na mutum uku tare da Gene Harris, daga baya ya riƙa ɗauko matasa irin su Benny Green da Geoff Keezer. John Clayton ɗalibinsa ne, su biyun da Christian McBride suka yi rukunin bes uku. Ya rasu ranar 2 ga Yuli 2002 a Indianapolis, cikin barci, bayan ya dawo daga wasan golf, ana jiransa a wurin wasa da dare. Shekararsa 75.

Kafintan-Bes ya rubuta:

Malam Ma'aji ya share fage. Ni zan tsaya a kan kayan, don wani kaso na amsar yana nan, amma ba kason da mutane ke zato ba.

Bes ɗin da yawancin 'yan jaz ke riƙewa shi ne wanda ake kira uku-bisa-huɗu. Tsayinsa wajen santimita 180, tsawon tsirkiya daga bakin wuya zuwa jaki, wato katakon da ke ɗaga tsirkiya daga fuskar bes, tsakanin santimita 104 da 106. Tsirkiya huɗu ce, E, A, D, G, daga mai kauri zuwa siririya. E tana girgiza sau 41 a daƙiƙa, A sau 55, D sau 73, G sau 98. A cikin cikinsa akwai abu biyu da ba a gani: doguwar sanda da aka manna a ƙarƙashin fuska ta ɓangaren E, da wata 'yar tokara a tsaye tsakanin fuska da baya, dab da ƙafar jaki ta ɓangaren G. Tokarar nan ba a manna ta da gam. Matsin tsirkiya ne kawai ke riƙe ta.

A zamanin da Brown ya taso, tsirkiyar hanjin tumaki ake amfani da ita: G da D hanji zalla, A da E an naɗe su da waya. Hanji yana da kauri, yana lilo da faɗi idan an ja shi, dole a ɗaga shi nesa da allon yatsu, in ba haka ba ya riƙa marin katako. Muryarsa "ɗum" ce mai nauyi a gaba, sai ta mutu da wuri. Wanda ya koya a kan wannan, babu amfilifaya, ga masu busa fiye da goma a gabansa, hannunsa ya ginu ko yana so ko ba ya so. Da tsirkiyar ƙarfe ta fara yaɗuwa daga ƙarshen shekarun 1950, shi ma ya koma kanta, ya samu sauti mai dogon numfashi, amma ya taho da hannun hanji. Saboda haka wanda ya sayi irin tsirkiyarsa yana jiran muryarsa ta fito, zai daɗe yana jira.

Abin da mai koyo zai iya gyarawa shi ne tazara. Ka ɗauki rula ka auna a ƙarshen allon yatsu, daga katako zuwa ƙasan tsirkiya. A tsirkiyar ƙarfe, mafari mai kyau shi ne milimita 6 a G, 7 a D, 8 a A, 9 a E. Idan G ta yi ƙasa da 5, kana ja da ƙarfi za ta fara zuza, sai ka koyi shafa maimakon ja, kuma wannan ɗabi'ar tana da wuyar bari. Idan ka kai ta 11 ko 12 don kwaikwayon mutanen da, alhali hannunka bai nuna ba, jijiyar wuyan hannu ce za ta biya. A ƙara milimita ɗaya, a zauna a kai wata biyu ko uku. Yawancin jakunan yanzu suna da 'yan ƙafafun juyawa guda biyu. Ka sassauta tsirkiya kaɗan kafin ka ɗaga, kuma ka juya su daidai wa daida.

Jan tsirkiya huɗu na ƙarfe ya haura kilo 100, kuma duk lokacin da ka ɗaure, tsirkiya tana jan kan jaki zuwa wajen wuya. Ka riƙa leƙa shi ta gefe: fuskarsa ta wajen gindi ta tsaya cak a kan katako, ƙafafunsa biyu su zauna daram, a saitin 'yan tsagogin ciki na ramukan nan biyu masu siffar f. Idan ya fara sunkuyawa, a kwantar da bes, a sassauta, a mayar da shi da hannu biyu. Wanda ya ƙyale, jakin zai lanƙwashe, wata rana ya faɗi da ƙara kamar bindiga. Goga bakin fensir a ramin da tsirkiya ke zama yana sa ta sulale ba ta ja katako ba.

Kada ka taɓa cire tsirkiya huɗu lokaci guda. Matsi na sauka, tokara za ta faɗi, kuma idan ka sake ɗaurewa babu ita fuskar na iya tsagewa. Ɗaya bayan ɗaya ake canjawa. Sai bushewar iska: katako ya fi son laima tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari. Idan ya bushe ƙwarai yakan buɗe ta gefe inda aka haɗa shi, kuma wannan alheri ne, da gangan ake manna shi da gam ɗin fata mai saki don haɗin ya buɗe kafin fuska ta tsage. Wanda ya zuba masa gam mai ƙarfi da ba ya saki ya toshe wannan ƙofar, tsaga ta gaba a tsakiyar fuska za ta fito.

Gwaggo-Mai-Piyano ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Malam Kafinta, ka faɗi gaskiya da ka ce hannu, amma ka tsaya a hannun dama, alhali rabin muryar a hagu take.

Ɗana Sabon-Shiga, fara da dama ɗin. Babban yatsa ya kama gefen allo, kusa da ƙarshensa. Manuniya kada ta soki tsirkiya da kai kamar mai jita. Kwantar da ita kusan a layi ɗaya da tsirkiyar, yadda gefen yatsa tun daga gaɓar tsakiya zai taɓa. Nama mai yawa, murya mai kauri. Ka ja ta gefe har yatsan ya faɗa kan tsirkiyar da ke maƙwabtaka ya tsaya, nauyin kuma daga damtse yake saukowa, yatsa ƙugiya ce kawai. Duba kowane bidiyon Brown, za ka ga duk hannun ne ke motsi. Makon farko bororo zai fito. Minti 15 zuwa 20 a rana ya isa har ya zama kanta. Wanda ya yi awa uku ranar farko, sati biyu zai yi bai taɓa bes ba.

Hagu kuwa, babu alamar matsayi a allon, kunne ne jagora. A can sama kusa da kan bes, tsakanin sauti da mai bi masa, wato rabin taki, kusan santimita 6 ne, shi ya sa yatsu uku ake amfani da su, na 1 da na 2 da na 4 idan ka ƙirga daga manuniya, na 3 yana tallafa wa na 4. Buɗin hannun gaba ɗaya wajen santimita 11, taki ɗaya cikakke. Ka danne tsirkiya sosai, kuma kada ka saki sai sauti na gaba ya zo. A nan masu koyo ke zubar da nauyi: suna ɗaga yatsa da wuri don su shirya wa na gaba, sai layin ya fito guntu-guntu. Brown yana riƙe kowane sauti har bakin ƙofar na gaba. Abin da ka kira ɓul-ɓul, shi ne wannan.

Sai takawa. Kowace gaɓa bugu huɗu, kowane bugu sauti ɗaya. Ɗauki salon kiɗan bulus mai zagayen gaɓa 12 a F, shi ne abincin yau da kullum. Bugu na 1 tushen kod, na 2 da na 3 'ya'yan kod ko na sikel, wato jerin sautukan waƙar, na 4 kuma ɗan rakiya ne, rabin taki sama ko ƙasa da inda za ka sauka. Gaɓar farko a kan kod ɗin F7: F, A, C, B. Wannan B ɗin ba ɗan gida ba ne, amma shi ke zame da kai zuwa B-fulat, rabin taki ƙasa da shi. Gaɓa ta biyu: B-fulat, D, E-fulat, E, ka koma F. Kaɗa waɗannan takwas ɗin sau hamsin kafin ka ƙara komai. Idan ka iya, mai sauraro zai ji canjin kod ko da babu piyano, kuma wannan shi ne ma'aunin layi mai kyau.

Na'urar ƙirga bugu, saita ta a 60, ka ɗauki kowane ƙyas a matsayin bugu na 2 da na 4. Kana kaɗa 120 ke nan, kuma 1 da 3 a wuyanka suke. Da farko za ta juye maka, ka tsinci kanka kana jin ta a 1. Tsaya, ƙirga da baki, sake shiga.

Abin da ka ji kamar yana jan sauran, gaskiya ne. Bugu yana da faɗi, yana da goshi da tsakiya da ƙeya, Brown kuwa a goshi yake zama. Amma zama a goshi daban, gudu daban, kuma a nan gizo ke saƙar. Mai kwaikwayo yakan fara a 120 ya ƙare a 135 yana ganin ya yi abin kirki. Ɗauki kanka a waya minti biyar babu na'ura, sannan ka auna zagayen farko da na ƙarshe. Idan bambancin ya wuce bugu uku ko huɗu, ba goshi kake ba, tsere kake.

Akwai kuma gangarowar nan tasa da kowa ke sha'awa, inda yake jan yatsa ɗaya ya ratsa tsirkiya biyu ko uku, "ta-ka-dum", ya dira a kan 1. Gishiri ce. Sau ɗaya ko biyu a zagaye ta isa, kuma idan dirar ta makara ko da ƙiris, gara ba a yi ba. Ni abin da ya fi burge ni ma ba ita ba ce. Saurari yadda yake fara waƙa da sauti biyu a gaɓa, ya yi ta riƙewa, ya ƙi sakin huɗu har sai kowa ya ƙagu. Lokacin da ya saki, sai ka ji ɗakin ya tashi, alhali saurin bai ƙaru ba.

Sabon-Shiga ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Gwaggo, na gode Malamai. Saura ɗaya. Me ya sa a wasu faya-fayan shekarun 1970 muryar bes, har tasa wani lokaci, take fitowa siririya kamar ta hanci? Hannun ne ya canja?

Injiniyan-Sauti ya rubuta:

Hannun yana nan, hanyar ɗauka ce ta canja. A shekarun 1950 makirfo ake kafawa a gaban bes, yana jin katako da iskar da ke fita daga cikinsa. A shekarun 1970 sai 'yar na'urar da ake liƙawa a jaki ta yaɗu, injiniyoyi suka riƙa jan waya daga ita kai tsaye zuwa teburin haɗa sauti, saboda ta fi sauƙi kuma ƙarar ganga ba ta shiga. Ita kuwa girgizar jaki kawai take ji, ba ta san akwai ƙaton akwati a ƙasa ba. Ƙari a kan haka, irin wannan na'urar tana buƙatar mashiga mai turjiyar lantarki ta megohm 1 ko fiye. Aka cusa ta a mashiga mai ƙaramar turjiya, ƙasan sautin ya zube, hancin ya rage. Har yau wannan kuskuren ake yi a dandali. Ɗan akwatin share fage tsakanin bes da amfilifaya yana magance shi.

Mai son ɗauka da makirfo ya ajiye shi santimita 20 zuwa 30 daga fuska, a tsayin jaki, ya ɗan karkata zuwa ɓangaren G. Kada a cusa shi a bakin rami, gurnani kawai za a samu babu kan sauti.

Don jin Brown tsirara, nemi faifan Way Out West na mai saksofon Sonny Rollins, da aka ɗauka a Los Anjalas a Maris 1957, aka fara da ƙarfe 3 na dare don sai lokacin kowa ya tashi daga aikinsa. Saksofon ne da bes da gangunan Shelly Manne, babu piyano da zai rufe shi. Don kwatance kuma akwai wasan garin Montreux da ke Switzerland na 1977, inda Peterson ya zauna tsakanin masu bes biyu, Brown da Niels-Henning Ørsted Pedersen ɗan Denmak: ɗaya yana gudu da yatsu uku zuwa huɗu, ɗaya yana dira da nauyi, a kan waƙa guda.

Amma kada ka yi hukunci da lasifikar waya. Ba ta iya fitar da girgiza 41 ko 55 ko kusa da su, abin da take ba ka ƙarar yatsa ce da saman sautin. Sa abin kunne mai rufe kunne duka, ko lasifika mai faɗin inci 6 zuwa sama.

Ma'ajin-Faifai ya rubuta:

Injiniya, ƙari ɗaya kan jerin naka, don kada yaron ya zaci yatsa kaɗai mutumin ya iya. A faifan Peterson na 1964, We Get Requests, akwai inda ya buɗe waƙa da baka, yana goga tsirkiya a hankali, sannan ya ajiye bakan ya koma ja. Mai koyo ya riƙa yin minti goma da baka kullum kafin ya fara takawa, dogon sauti a kan kowace tsirkiya, ƙaro kaɗan a izga. Ja da yatsa yana ɓoye sautin da ya kauce, don yana mutuwa kafin kunne ya kama shi. Baka kuwa yana riƙe shi a fili har sai ka matsar da yatsan hagu ya zauna inda ya kamata.